Wanda Ya Kama Igiyar Tanti

Shekarar da shinkafa ta yanke a Bandar Nashwan, har mutane suka koma cin busasshen kifin da ake ajiye wa raƙuma, ita ce shekarar da Sultan Gailan ya hau jirgin yaƙin Ingila. Babban yaƙin Turawa ya rufe teku, jiragen fatake da ke kawo hatsi daga Indiya sun ɗauke ƙafa. Sai saƙo ya zo cewa wakilin Ingila yana Suwais ta ƙasar Masar, in Sultan ya je da kansa za a duba maganar abinci. Mai son ɗan tsuntsu shi ke bin sa da jifa. Sultan ya ce zai je, amma ba zai kwana a ɗakin ƙarfe kamar kayan fatauci ba, sai an tafi da tantinsa.

In an ce tanti kuwa an ce Yislam bin Karama. Shi ke kafa shi, shi ke kwance shi, kamar yadda ubansa ya yi wa uban Sultan. Baƙin tanti ne na gashin akuya, mai ƙamshin hayaƙi da gahawa wanda ko a teku aka wanke shi ba zai fita ba. Yaran yanzu da suka buɗe ido suka ga fadar dutse mai fanka da masu gadi a ƙofa ba za su gane ba, ni kuma na gaji da yi musu bayani. A wancan zamani a tantin nan ake shari'a, a nan ake sulhu, a nan masunci ke tsoma hannu a tire ɗaya da Sultan. Duk wanda ya gudo ya kama igiyarsa, ko jinin wa ke hannunsa, ya shiga amanar gidan, ba a miƙa shi ga kowa sai an kai shi ga mutanensa lafiya. Tun zamanin kakan Yislam ba a taɓa cire hannun mutum daga igiyar nan ba. Da wannan Yislam ke taƙama, don ba shi da gona, ba shi da kwale-kwale.

Ranar tafiya ya hau jirgin da buhun turaku a kafaɗa, guduma a hannu. Aka nuna masa fili a gaban jirgin kusa da babbar igwa. Ya duƙa, ya tsayar da turke, ya ɗaga guduma ya sauke. Ƙarar da ta tashi sai da ta sa sojojin ruwa suka leƙo daga kowace kusurwa. Turke ya tsage biyu, ƙarfen jirgi ko gezau.

Ashur mai dafa wa Sultan gahawa, abokin faɗan Yislam tun suna tsirara a bakin teku, yana zaune a kan akwatinsa yana kallo.

"Ƙara bugawa, ɗan Karama, ka kusa," in ji shi. "Huda musu jirgin mu huta, mu koma gida da iyo."

"Kai dai riƙe butarka. Mutumin da jirgi bai ko motsa ba ya fara amai."

"Ni dai in na ga ƙarfe ina gane shi."

Yislam ya mayar da turakunsa buhu, ya bi jirgin yana laluben inda zai ɗaura. Wata igiya ta samu zoben ƙarfe, wata ta samu gindin igwa. Ta ƙarshe, mai tsawon, ba ta samu wuri ba sai shingen ƙarfe na gefen jirgi, daidai inda ake sauke tsani zuwa ruwa. Kafin la'asar tanti ya tsaya, an shimfiɗa dardumai, an hura gawayi, Sultan ya shiga ya zauna kamar a ƙofar gidansa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne Yislam ya fi yawan ba da labarinsu har ya mutu. Jirgin ba ya tafiya miƙe, sai ya karkata hagu ya karkata dama don gudun jiragen abokan gaba da ke yawo a ƙarƙashin ruwa. A tudu sau biyu ake juya labulen tanti a yini, nan kuwa duk sanda jirgi ya juya sai rana ta shigo ta wani gefen, sai Yislam ya tashi ya sauke wannan labule ya ɗage wancan, yana tsine wa matuƙin a zuci. Sojojin ruwa suka saba da zuwa bakin tanti shan gahawa, su yamutsa fuska saboda ɗaci, su sake miƙo kofi. Sultan kuwa yaro ya koma. Ya sa aka nuna masa yadda igwa ke juyawa, ya leƙa ɗakin inji ya fito da gumi yana cewa ya ga inda ake ajiye azzalumai. Da yamma yakan kira Yislam ya zauna kusa da shi, su kalli duwatsun gaɓa suna wucewa, su tuna rijiyoyin da suka taɓa yin zango da mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Yislam bai taɓa jin daɗin duniya kamar a kwanakin nan ba, kuma yana jin kunyar hakan in ya tuna yunwar da ya baro a gida.

Wata rana da hantsi aka ga baƙin mai yana yawo a kan ruwa, da katakai, da wani mutum rungume da ganga. Tafintan jirgin ya ce mutumin daga jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya ne da aka nutsar shekaranjiya, wanda kafin a same shi ya hallaka wani jirgin Ingila da mutanensa. Fuskokin sojoji suka canja. Aka sauke tsani aka jawo mutumin, Bature ne mai kimanin shekara talatin, leɓɓansa sun farfashe, jikinsa duk mai. Yana taka jirgin sai jirgi ya yi irin juyin nan nasa. Mutumin ya yi taga-taga, ya miƙa hannu biyu ya cafke igiyar tanti, ya rataya a jikinta yana haki. Wani soja ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya tura shi gaba, aka sauka da shi cikin jirgi.

Yislam yana tsaye a wurin. Ya dubi igiyar, ga shatin yatsu na baƙin mai a jikinta. Ya juya ya dubi Ashur, Ashur ya sunkuyar da kai cikin butarsa kamar ya yar da wani abu a ciki. Sai Waziri Humaid, wanda shi ma ya gani, ya matso ya kama hannun rigar Yislam ya ja shi bayan igwa.

"Me ka gani?"

"Abin da ka gani, ranka ya daɗe."

"Ni ban ga komai ba. Jirgi ya karkata, mutum ya dafa abin da ke kusa da shi. Da akuya ce a wurin da ita zai kama. Bai san tanti ba, bai san Sultan ba, bai san mu ba."

"Ubana bai taɓa tambayar wanda ya kama igiya abin da ya sani ba."

"Ubanka bai taɓa ɗaura ta a ƙarfen Ingila ba." Waziri ya rage murya. "Yislam, roƙo za mu je. Wanda ya zo roƙo ba ya shiga gidan mutane da rigima. Me jikokinka suka ci ranar da ka baro su?"

Maganar ta shige shi, don ya san amsa. Ya baro 'yarsa tana daka ƙwallon dabino tana dama wa yara. Waziri ba mugu ba ne, gaskiyarsa ya faɗa, kuma ita ta fi ciwo. Yislam bai je ya gaya wa kowa ba. Ya koma bakin igiyar ya tsaya, bai iya goge man ba, bai iya matsawa ba. Jirgi ya juya, ya sake juyawa, rana ta shiga tanti ta sauka a kan Sultan, ba wanda ya sauke labule.

"Yislam," Sultan ya kira daga ciki. "Rana tana cina, kai kana tsaye kamar turken da ka kasa kafawa. Zo nan. Me ya faru?"

Ya shiga ya durƙusa. Waziri yana gefe yana kallon darduma.

"Allah ya ja zamaninka, mutumin da aka tsamo ya kama igiya. Da hannu biyu. Aka cire shi."

Sultan ya ajiye kofinsa, ya shafa gemunsa.

"Ina ma ka ƙifta ido a lokacin," in ji shi a hankali.

"Na so in ƙifta, Allah ya taimake ka. Idon ne ya ƙi."

Aka aika a gayyato kyaftin ɗin jirgin. Dogon mutum ne mai jajayen kunnuwa, mai kirki kuma, don tun ranar farko yake cire takalmi kafin ya taka darduma ba tare da an gaya masa ba. Ya saurari tafinta har ƙarshe, kunnuwansa suka ƙara ja. Ya ce mutumin fursunan yaƙi ne, akwai doka a kansa, ba wanda zai taɓa shi, za a ba shi abinci da magani.

"Gaya masa na yarda," in ji Sultan. "Ban ce zai cutar da shi ba. Cewa na yi an cire hannunsa daga igiyata ina zaune."

Kyaftin ya ce, cikin ladabi, igiyar a jikin jirginsa take ɗaure.

"Gaya masa shi ya sa na aika a roƙe shi ya zo, ban aika a ɗauko mutumin ba."

Aka yi ta ja har gahawa ta huce. A ƙarshe kyaftin ya ce zai bar mutumin ya zauna a tanti, da soja mai bindiga a bakin ƙofa, har a isa Suwais. Daga nan kuma maganar ta fi ƙarfinsa.

Da aka kawo fursunan ya ga mutane masu wuƙaƙe a ɗamara sun kewaye shi, Ashur kuma yana wasa wuƙar yanka rago, sai ya durƙusa yana kuka yana kiran uwarsa da yarensu. Da ƙyar aka rarrashe shi. Ya ce sunansa wani abu, su dai Janaru suka ji, haka kuma ya zauna. Yislam ya wanke masa man da ke jikinsa, ya ba shi zanensa na sawa, ya jiƙa masa dabino. Da Ashur ya miƙa masa gahawa ya kurɓa ya lumshe ido, bai yamutsa fuska ba. Tun daga ranar Ashur ya ce wannan ɗan mutunci ne, ba irin na jirgin nan ba. Janaru masunci ne a garinsu kafin yaƙi. In Yislam ya zauna ɗinkin labule sai ya matso ya riƙe masa bakin, su yi ta aiki ba mai jin maganar wani. Tafinta ya yi ƙoƙarin gaya masa dalilin da ya sa yake cikin tanti, ya dubi igiyar, ya dubi tafinta, ya ɗaga kafaɗa. Bai gane ba, kuma ban tsammanin ya taɓa ganewa sosai.

Ranar da aka isa Suwais Sultan ya sauka da safe cikin alkyabbarsa, aka harba masa igwar ban girma. Bai dawo ba sai bayan la'asar. Yislam na ganin yadda yake hawa tsani ya san amsar rabi ce. Sultan ya shiga tanti, ya sallami kowa, ya ce Yislam ya tsaya.

"Shinkafa ta samu," in ji shi. "Wadda za ta kai mu baɗi. Mutumin bai samu ba. Gobe za su kai shi sansanin fursunoni a cikin rairayi, ya zauna har yaƙi ya ƙare. Na yi magana sau ɗaya, na sake yi, na ga in na yi ta uku a bakin shinkafar zan yi ta. Sai na yi shiru." Ya dubi hannuwansa. "Na zaɓi cikin mutanena, Yislam. Ni ne na farko a gidanmu da zai miƙa wanda ya kama igiya. Kai kuma kai ne na farko a gidanku da zai gani."

Yislam bai taɓa ganin kunya a fuskar mutumin nan ba, kuma ganinta ya fi masa komai zafi. Ya tashi ya fita ba tare da neman izini ba. Ya je gefen jirgi ya kwance doguwar igiyar daga shingen ƙarfe, ya kwance ɗaya bakin daga jikin tanti, har kusurwar ta sunkuyo. Ya naɗe ta a hannu ya dawo ya durƙusa.

"Allah ya ja zamaninka, miƙawa ita ce a sake shi ya tafi shi kaɗai. In tanti ba zai iya riƙe shi ba, sai tanti ya bi shi. Na ji an ce fursunoninsu a tantuna suke kwana, tanti kuwa yagewa yake yi. Ka roƙa min su ɗauke ni mai ɗinki. Wannan ba za su hana ka ba."

"Yaƙin nan ba wanda ya san ranar ƙarewarsa. Kai kuma tsoho ne, gemunka ya fi nawa fari."

"Lalle ne ya rufa wa naka asiri, Allah ya taimake ka."

Duk tsawon zamansu bai taɓa yi masa irin wannan magana ba. Sultan ya yi dariya har ta sarƙe shi, ya ja bakin rawani ya goge ido, ya daɗe yana gogewa.

"To je ka kai shi," in ji shi. "Ka dawo ka gaya min."

Kyaftin da kansa ya nema masa izinin. Washegari aka sauke Janaru tsakanin sojoji, Yislam na biye da shi da ƙunshin allurai da igiyar nan a kafaɗa. Ashur ya tsaya a bakin tsani ya cusa masa ƙullin gahawa a hannu, ya ce ya san ɓata ta zai yi, don bai iya dafawa ba. Daga ƙasa Yislam ya waiwayo. Tantin yana nan a gaban igwa da kusurwa ɗaya a sunkuye, Sultan na tsaye a bakinsa, rana tana dukansa.

Sansanin fili ne na rairayi da waya mai ƙaya, tantuna jere har inda ido ya tsaya. Aka ba Yislam rumfa a wajen waya, kullum da safe ya shiga da allurarsa. Kafin ya taɓa kowane ɗinki sai ya je layin su Janaru ya gan shi da idonsa. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, Yislam ya zauna a bakin tantin masu jinya har masu gadi suka gaji da korarsa suka ƙyale shi. Sanyi ya zo ya wuce, ya sake zuwa. Ana cikin haka wani matuƙin kwale-kwale ɗan gaɓarsu ya biyo ta wurin, ya gaya masa shinkafa ta isa, jikokinsa suna raye, Sultan Gailan kuma ya rasu tun watan azumi.

Wani Bamisire mai sayar da shayi a bakin sansanin, wanda suka saba, ya same shi zaune a rumfa bai shiga aiki ba.

"Baba, tafi gida mana. Wanda ya aiko ka ya tafi. Wa zai tambaye ka?"

Da gari ya waye Yislam ya ɗauki allurarsa ya shiga, ya fara da layin su Janaru.

Sai da yaƙi ya ƙare, aka ƙara jira, sannan aka kwashi fursunoni zuwa tashar jiragen ruwa. Yislam ya bi su a bayan motar kaya. Ya riƙe hannun Janaru har bakin tsanin jirgin da zai kai su Italiya, ya ga ya hau ya shiga cikin mutanen garinsu. Janaru ya sumbaci hannunsa yana kuka, ya faɗi duk 'yan kalmomin Larabcin da ya koya, har da na zagi, don bai san bambancinsu ba.

Da Yislam ya sauka a Bandar Nashwan, igiyar a kafaɗarsa, bai ga kowa da ya sani a bakin ruwa ba. Ɗan Sultan ya hau mulki, ya koma gidan dutse a kan tudu, mai neman ganinsa sai ya rubuta suna. Yislam ya zagaya bayan tsohon gida, ya iske Ashur zaune a ƙofar ɗakin ajiya, ya rame, ido ɗaya ya yi fari. Ashur ya daɗe yana kallonsa.

"Ka tsufa, ɗan Karama."

"Kai kuma ka yi kyau. Ina tanti?"

Ashur ya nuna cikin ɗakin da haɓa. Yana can a naɗe, ƙura ta rufe shi.

"Tun da aka sauke shi daga jirgi ba a sake kafa shi ba. Marigayi Sultan ya hana. Ya ce igiya ɗaya tana waje, ba za a kafa ba sai ta dawo. A rana ya riƙa zaman shari'a, tsoho da shi, mu yi ta magana ya ƙi ji. Duk jirgin da ya shigo sai ya aika a duba ko kana ciki." Ya share hanci. "Ya bar min tambaya in yi maka. Mutumin ya isa ga mutanensa?"

Yislam ya buɗe baki, kuka ya riga maganar fita. Ya zauna a ƙasa ya yi mai isarsa, wanda bai yi ba ranar da labari ya same shi.

"Ya isa," in ji shi daga baya. "Da hannuna na sa shi a jirgin garinsu."

Ashur ya lalubi sandarsa ya miƙe da ƙyar.

"To tashi ka je ka gaya masa da bakinka. Ni ba ɗan aikenka ba ne."

Suka kama hanyar maƙabarta a hankali, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ke jan ƙafa.